Wai kejin tantabara

Kejin tantabara! Haka wani dattijo ya kira gidan ƙanena jiya a wurin ɗaurin aure, majalisa ta kwashe da dariya. Kun dai san zancen. Tun da yaron nan ya sayar da filinsa na hanyar Dutsin-Ma ya kama haya a saman bene kusa da Ƙofar Ƙaura a cikin garin Katsina, ba a bar shi ya sha ruwa ba. To ni yau na gaji da kawaici.

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Gidanka ƙato, ga darbejiya ga mangwaro, mun gani mun yaba. Amma man nawa motarka take sha a sati? Kafin 29 ga Mayun 2023 lita a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba. Aka cire tallafi, kowa ya ji a jikinsa. Daga ranar nisa ya zama kuɗi. Ka kai yara boko da safe, ka ɗauko su, ka mai da su Islamiyya, ka koma shago, uwargida ta ce cefane. Duk a tanki ɗaya. Wanda ba shi da mota kuwa ya tsaya bakin titi rana tana gasa shi, in Keke Napep ta zo mai ita ya ce sai dai shata.

Ana ta cewa fili a bayan gari ya fi araha. Ƙwarai kuwa, ranar saye. Washegari kai ne gwamnatin kanka: ka haƙa burtsatse, ku yi karo-karo na turakun wuta da taransifoma, ku biya 'yan sintiri, damina ta sauka ku zuba wa hanya ƙasa. Haɗa lissafin ka gaya mini ina arahar ta tafi. Nisa kuɗi ne, jama'a, nisa kuɗi ne.

Na san me za a ce. Ina tsakar gida, ina mata za su sha iska, bene na leƙa gidan maƙwabta. Labule da tagar da aka ɗaga sama sun gama wannan gardamar tuntuni. Wai kuma hawa sama ba al'adarmu ba ce. A Katsinan da Hasumiyar Gobarau ke tsaye ɗaruruwan shekaru, da ƙasa kakanni suka gina ta?

Ban da wasa, abin da ba a faɗa a majalisa shi ne daren da naƙuda ta kama matar ƙanen nawa wajen ƙarfe biyu. Cikin minti goma suna asibiti. Ni na riske su can, hannunsa na rawa yana ta hamdala. A unguwar da ya so ginawa, bayan isha'i ba mai buɗe maka ƙofa saboda halin tsaron da muke ciki, balle ka sami abin hawa. Tun daga ranar ban ƙara tsokanarsa ba, don da har da ni a masu dariya.

Abu ɗaya dai ban yafe ba, ragon layya. Ba shi da wurin ɗauri, sai ya kawo shi gidanmu na Rafindadi, ya tsinke igiya ya cinye zogalen Hajiya tas. Har yau in ta gan shi sai ta tada maganar. Bana ya nemi wani wurin tun da wuri.