Alhaji Zai Kwana a Daji

ALHAJI: Kai, zo ka duba min. Wannan ba maƙwabcinmu ba ne a bakin tanti?

ƊAN BOKO: Shi ne, Abba. Kenya ya je, Masai Mara. Tanti ne, amma da gado da katifa da banɗaki a ciki, har da mai kawo shayi da asuba.

ALHAJI: Mutumin da ko kyanwa ta gifta sai ya kira maigadi, shi ne yau da hoto a daji? Dubi yadda ake ta yi masa "sai Alhaji" a Facebook! Ni da aka yanke wa cibiya a ƙauye ina zaune? Nemo mana wuri a nan Kaduna, kuma dajin ya fi nasa daji.

(Cibiya kam a ƙauye aka yanke ta. Sai dai rabon Alhaji da ƙauyen tun mulkin Shagari, ko rasuwa aka yi direba yake aikawa da ambulan.)

HAJIYA: Kuɗi za ka biya ka kwana ba wuta? Ai yau kwana uku muke yin haka a Malali, ba wanda ya ɗauke mu hoto.

ALHAJI: Hajiya, wannan harka ce ta maza.

ƊAN BOKO: Akwai Kajuru, ta hanyar Kachia. Wani Bajamushe ne ya gina gidan dutse a kan tudu a shekarun 1980, irin fadar sarakunan Turai na da. Ga hasumiya, ga wurin ninƙaya, har da ramin kadoji.

ALHAJI: Kadoji a cikin gidan?

ƊAN BOKO: A rami suke, Abba.

ALHAJI: Wa ya ƙirga su da daddare? Ba tsoro nake ji ba fa. Ni da na sha ƙetare kogin Kaduna da iyo ina yaro. Kawai dai gida ne, ni kuma tanti nake so.

HAJIYA: Ranar da muka kai yara lambun Gamji kallon kadoji ma a mota ka zauna, gilashi a rufe.

ALHAJI: Waya nake amsawa.

ƊAN BOKO: To, Matsirga, kusa da Kafanchan. Ruwa ne yake zubowa daga kan dutse, tsayin wajen mita 30.

ALHAJI: Ƙarfe nawa ake kashe shi?

ƊAN BOKO: Ba a kashewa, Abba.

ALHAJI: Ruwa na shaaa har asuba, ni da likita ya ce in rage shan ruwa da dare? Sau nawa kake so in fita? Wuce gaba.

ƊAN BOKO: Dutsen Kagoro yana nan kusa. In muka je 1 ga Janairu ma mu kalli bikin Afan. Amma da ƙafa ake hawa.

ALHAJI: Da ƙafar wa? Ba don gwiwar nan ba, wallahi da gudu zan haye shi. Tambayi kowa.

ƊAN BOKO: Saura Kamuku. Gandun daji ne na ƙasa tun 1999, a Birnin Gwari.

Falon ya yi tsit. Baba Maigadi da ya shigo karɓar ashana ya ce innalillahi, ya nemi wuri ya tsuguna.

HAJIYA: Kafin ku tafi ka nuna min inda takardun gidan nan suke, da lambar wanda zan kira ya haɗa kuɗin fansa.

ƊAN BOKO: An ce an yi sulhu, Umma, hanya ta buɗe.

ALHAJI: Wanda ya ce ɗin ya fara kwana can, ya turo mana hoto. Ni ba tsoro ba ne, motata ce ba ta son hanyar.

MAIGADI: Ranka ya daɗe, ba ga gonarka can gaba da Maraban Jos ba, wajen dam ɗin Kangimi? Ai daji ne mai kyau. Shekara nawa ba ka leƙa ba, ya ma ƙara zama daji.

Ranar Asabar sai ga su a gona. Mota biyu: ɗaya ta mutane, ɗaya ta janareta, firij, katifa mai tsayin gwiwa, da kujerar falo guda, don Alhaji ba ya zama a tabarma tun da ya dawo Umara ta bakwai.

MAIGADI: Mu fara biyawa ta wajen mai unguwa mu gaishe shi, ranka ya daɗe. Baƙo ba ya kwana a dajin mutane ba su sani ba. In 'yan banga suka hango haske da dare, ba tambaya za su fara yi ba.

ALHAJI: Ni zan je gaishe da mai unguwa? A gaya masa na zo. Kai, ga wuri can! Bakin rafi, ga inuwa, ga yashi mai laushi. Nan za a kafa.

MAIGADI: Kwari ne, Alhaji. Kalli tarkacen da ya maƙale a reshen can, sama da kanka. Nan ruwa ya kai bara. Ko ba a yi ruwa a nan ba, in aka yi a tudu, tsakar dare zai sauko ya same ka a kan katifa.

ALHAJI: Katifar tana da tsayi.

MAIGADI: Ga sauro. Na bakin rafi ba ya jin maganin kanti.

ALHAJI: Jinina ɗaci gare shi. Mu da muka tashi a kan tafasa da sabara!

MAIGADI: Kuma wannan tsamiya ce. Masu wurin ba su cika son janareta ba.

ALHAJI: Camfi! Ni ban yarda da wannan ba.

(Bai yarda ba, amma ya ja da baya taku huɗu yana motsa baki, ya kuma ce inuwar ma ba ta yi masa ba.)

ALHAJI: To can, filin nan mai santsi, ba ciyawa ba ƙaya. Ka ga idon ɗan ƙauye ko?

MAIGADI: Burtali ne, ranka ya daɗe. Shi ya sa ba ciyawa. Da asuba garke zai bi ta nan zuwa mashaya.

ALHAJI: Su kauce.

MAIGADI: Shanu ne, Alhaji.

ALHAJI: A gaya wa mai su ko ni wane ne.

MAIGADI: Wurin kwana tudu ake nema, inda iska ke bi, nesa kaɗan da ruwa, ba ƙarƙashin busasshen reshe ba. A share ciyawa kewaye saboda gobarar daji da macizai, a kuma zazzage takalmi da safe don kunama.

ALHAJI: Kai da ka san duk wannan, me ya kawo ka birni gadi?

MAIGADI: Shi ɗin ne ya kawo ni, ranka ya daɗe. Nawa ne ma kuɗin kwana a tantin maƙwabcin namu?

Ɗan Boko ya raɗa masa. Baba Maigadi ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar.

MAIGADI: Ashe shekara arba'in ina kwana a dukiya ban sani ba. Akwai bukkar tsohona a ƙauye, ba wuta, ba famfo, taurari ma ta rufin ake ganinsu. Rabin haka zan bar wa Alhaji.

Alhaji bai ji ba. Ya ɗaga waya sama yana zagaye gona, babbar riga na jan ƙaya. Abin da ambaliya da shanu da tsamiya suka kasa, rashin sabis ya yi shi cikin minti biyu.

ALHAJI: Alhamdu lillahi, sanda ɗaya ta kawo! Nan za a kafa.

MAIGADI: Suri ne kake tsaye a kai, Alhaji. Gara za ta ci tantin kafin safe.

ALHAJI: Wa ya ce maka za mu kai safe? A kafa, a sa kujera, a ɗauke ni, mu kama hanya kafin la'asar ta yi sanyi.

ƊAN BOKO: Abba, shi fa maƙwabcinmu da dare ya ɗauki nasa, ga wuta ga taurari.

ALHAJI: Kuɗin makarantar da na kashe maka na mene ne? Ka sa wa hoton duhu a waya. Taurarin kuma ka zuba da yawa, su fi nasa.