Wasiƙun kakanmu daga Bama sun kusa shiga wuta

Bayan addu'ar arba'in ɗin Hajiya kakarmu a unguwar Aboabo da ke Kumasi, aka jawo adakarta daga ƙarƙashin gado don rabon kaya. Hankalin kowa na kan zannuwa da 'yan kunnen zinariya. A can ƙasa kuwa akwai wani ƙunshi cikin tsohon ɗankwali: takardu goma sha ɗaya, sun yi ja, gara ta ci gefen biyu. Ƙanena ya ga baƙaƙen Larabci ya ce ayoyi ne, a ƙona su kada a taka. Har ya ɗauko ashana Baffa ya ce a dakata a nuna wa Malam tukuna.

Malam ya kusantar da ta farko ga idonsa, ya yi shiru, sannan ya ce mana wannan Hausa ce da ajami. Wasiƙun mijinta ne, kakanmu, daga yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Tun ranar nake cikin ɓacin rai, shi ya sa nake wannan rubutu. Jama'ar Zango, muna barin tarihinmu yana ruɓewa a ƙarƙashin gado, sannan mu dawo muna kukan an ce mu baƙi ne a Ghana.

Kakanmu da ƙafarsa ya je ya ba da sunansa a soja. Ba haka aka yi wa kowa ba, don a wurare da dama sarakuna aka ɗora wa kawo samari. Shi ya tafi ne mahaifinsa bai yarda ba. A lokacin, gidan malamai ba ya son ɗansa ya sa kakin Nasara. Shi ya sa duk wasiƙar da Malam ya karanta mana, bayan sallama sai roƙon gafarar tsohon. Wasiƙa takwas muka karanta, sau takwas ya roƙa. Baffa, mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba, ya tashi ya fita waje a ta huɗu.

Ba ya faɗin inda yake, domin ofisa na duba wasiƙa kafin ta fita. Amma lambarsa mai siffar tauraro tana cikin ƙunshin, kuma hanyar sananniya ce. Sojojin Gwalkwas, wato Ghana ta yau, sun fara gwabzawa da Italiyawa a Gabashin Afirka a 1940 da 1941, wani fagen wannan yaƙin ne ma asalin sunan barikin Uaddara da ke nan Kumasi. Daga 1943 aka fara kwasar sojojin Afirka ta Yamma a jirgin ruwa zuwa Indiya, runduna ta 81 sannan ta 82, aka tura su dajin Bama. A kwarin Kaladan kaya a ka suke ɗauka, abinci kuma daga jirgin sama ake jeho musu. A Janairun 1945 suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa. Kullum muna jin barikin Burma Camp a Ankara, amma yaranmu nawa suka san daga ina sunan ya fito? Nawa suka san taken rundunar Gwalkwas ma da Hausa yake, Kullum Shiri?

Shi dai ba ya ba da labarin harbi. Ruwan sama yake ba da labari, wanda ya ce ba ya ɗaukewa har fatar ƙafa ta saɓule a cikin takalmi. Yana kewar goro. Yana tambaya ko kuɗin da ake yankewa daga albashinsa na isa hannun Hajiya, ya ce a biya wani mahauci bashin sule bakwai. A wata ya ce idan an sauka lafiya, in namiji ne a sa masa sunan tsohon. Namijin aka haifa. Mahaifina ke nan, wanda sai da ya fara gudu a tsakar gida kafin ya ga ubansa.

Abin da ya fi taɓa ni gaisuwarsa ce. Yana jero dangi ɗaya bayan ɗaya, babba kafin ƙarami: wance ta Salaga, wane na Kintampo, sai a gaida na Kano idan fatake za su koma. Daga wannan jeri muka gane hanyar da kakan kakanmu ya biyo da fataucin goro har ya sauke kaya a Kumasi. Abin da muke ji a bakin tsofaffi kamar tatsuniya, ga shi da tawada. Lokacin korar baƙi ta Firayim Minista Busia a 1969, wani ɓangaren gidanmu ya tattara ya tafi Najeriya saboda ba su da takarda, alhali wannan ƙunshi na kwance a ɗaka.

Na san abin da wasu za su ce, an ma faɗa mini a gida: yaƙin Turawa ya yi, ina abin alfahari? Gaskiya ne yaƙin ba nasa ba ne, kuma an yi musu alkawarin aiki da haƙƙoƙi ba a cika ba. To amma waɗannan tsofaffin sojojin ne suka yi tattaki zuwa fadar Gwamna a Osu ranar 28 ga Fabrairu 1948, aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey, ƙasa ta ɗauki wutar da ta kai mu ga 'yancin kai a 1957. Wanda ya yar da takardun sojan, ya yar da wannan ma.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ku ƙona takarda don tana da baƙaƙen Larabci, ku kai wa mai karanta ajami. Ku ɗauki hotonta da waya, gaba da baya, ku naɗi muryar mai karatun, ku tura wa dangi. Kada a sa mata gam ko a liƙe ta da roba, a shimfiɗa ta inda laima ba ya kaiwa.

Saura wasiƙa uku, har da biyun da gara ta taɓa. Malam ya ce in zo Asabar da hantsi, don idan rana ta karkata idonsa ba ya raba baƙi da wasali.