Ragowar Maganin Ƙwari a Jikin 'Ya'yan Itace: Iyakar da Ake Fakewa da Ita

A watan Disamba na 2024 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta fitar da daftarin matsayinta kan kulofirifos, maganin ƙwarin da aka shafe fiye da shekara 20 ana taƙaddama a kansa. Daftarin ya ce za a hana shi a kan yawancin amfanin gona, amma za a bar shi a kan iri 11, cikinsu har da tuffa da ceri da dangin lemu. Wannan magani dai hukumar da kanta ta haramta shi a kan duk kayan abinci a 2021, kafin wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke haramcin a watan Nuwamba na 2023, kuma Tarayyar Turai ta janye masa izini tun farkon 2020. Duk wannan kai-komo bai ɓata mini rai kamar amsa guda da masu kare irin wannan mataki suke maimaitawa ba, wato cewa ragowar maganin da ake samu a jikin 'ya'yan itace ba ta haura iyakar da doka ta gindaya ba, don haka babu abin damuwa. Wannan amsa tana ɗora wa iyakar nauyin da ba a gina ta domin ta ɗauka ba, kuma da yawa daga masu faɗinta sun san haka.

Ya kamata a tuna yadda ake samar da wannan iyaka. Kamfanin da ya ƙera maganin yana yin feshin gwaji a lambuna daban-daban bisa ƙa'idar da zai rubuta a jikin kwalba: yawan maganin, yawan feshi, da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshin ƙarshe da tsinko. Daga nan a auna abin da ya rage a jikin 'ya'yan, a ɗauki adadi mafi girma, a ƙara ɗan sarari a kansa, sai ya zama iyaka, ana lissafa shi da miligiram a kowane kilogiram. Ma'ana, iyakar tana shaida cewa mai lambu ya bi umarnin da ke jikin kwalba. Batun lafiyar mai ci kuwa wani lissafi ne na daban, wanda ake farawa da ciyar da ɓeraye maganin har a gano adadin da bai nuna wata illa ba, sannan a raba shi gida 100, goma saboda bambancin ɓera da mutum, goma saboda bambancin da ke tsakanin mutane su kansu. Abin da ya fito shi ne adadin da ake ganin mutum zai iya ci kullum tsawon rayuwarsa. Gaskiya ne hukumomi suna gwada iyakar da wannan adadi kafin su amince da ita, kuma kwamitin haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona yana wannan aiki tun 1963. To amma ƙarfin iyakar bai wuce ƙarfin gwajin da aka yi wa ɓerayen ba. Idan gwajin ya nemi illa a jini alhali tana ɓoye a ƙwaƙwalwa, duk lissafin da ya biyo baya, komai kyan tsarinsa, gini ne a kan rairayi.

Abin da ya faru da kulofirifos ke nan. An fara sayar da shi a 1965, kuma shekaru da dama ma'aunin hatsarinsa shi ne yadda yake danne wani sinadari da jijiyoyi ke buƙata domin isar da saƙo, abin da ake iya aunawa a cikin jini. Duk adadin da bai danne wannan sinadari ba an ɗauke shi a matsayin marar illa. Sai masu bincike na Jami'ar Kolombiya suka bi diddigin yaran wasu mata a birnin New York, suka auna maganin a jinin cibiyarsu ranar haihuwa, suka kuma tarar a 2011 cewa waɗanda suka fi yawan maganin a jini sun fi rauni a gwajin basira da riƙe abu a kai lokacin da suka kai shekara 7. Adalci ya sa a faɗi cewa yawancin maganin da ya shiga jikin waɗannan mata daga feshin kyankyaso a cikin gidaje ya zo, kuma masu kamfanoni ba su gaji da nanata wannan ba. Sai dai hakan bai taɓa ainihin matsalar ba, domin ƙwaƙwalwar ɗan tayi ba ta tambayar ta wace ƙofa guba ta shigo. A 2018 wasu masana uku daga Suwidin da Denmak suka sake duba ainihin alƙaluman gwajin ɓeraye da kamfanin ya ɗauki nauyinsa tun ƙarshen shekarun 1990, suka ga alamun canji a wani sashe na ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓerayen wanda taƙaitaccen rahoton da aka miƙa wa hukumomi bai fito da shi ba. A watan Agusta na 2019 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Turai ta bayyana cewa ba za ta iya tsayar da wani adadi na wannan magani da za a kira marar hatsari ba. Shekara 54 ke nan bayan shigarsa kasuwa, kuma a duk tsawon wannan lokaci rahotannin bincike suna ta fitowa suna cewa 'ya'yan itacen da ke ɗauke da shi suna ƙasa da iyaka.

Mai shakka ya dubi lambobin kansu. Kafin shekarar 2000 iyakar kulofirifos a jikin tuffa a Amurka miligiram 1.5 ce a kowane kilogiram, a wannan shekara kuma aka sanar da saukar da ita zuwa 0.01, tare da taƙaita feshinsa zuwa lokacin da itacen bai yi fure ba. Ragi ne na ninki 150, kuma babu abin da ya canza a jikin yaran da suke cin tuffar tsakanin jiya da yau. A kan lemu iyakar Amurka miligiram 1 ce, ta Turai kuwa tun 2020 ita ce 0.01. Kwandon lemu guda zai iya zama halattacce a wannan gaɓar teku, haramtacce a waccan, da tazarar ninki 100. Wanda ya ce mini ƙasa da iyaka yana nufin lafiya lau, sai ya fara gaya mini iyakar wace ƙasa da ta wace shekara yake nufi.

Wannan ba sabon abu ba ne a lambunan tuffa. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake fesa musu haɗin dalma da wata guba mai suna asanik domin kashe tsutsar da ke huda 'ya'yan. Bayan da aka samu mutanen da suka yi rashin lafiya a Ingila a tsakiyar shekarun 1920 sakamakon cin tuffar da aka shigo da ita daga Amurka, Ingila ta yi barazanar rufe kasuwarta. A 1927 hukumomin Amurka suka tsayar da iyaka biyu: ta tuffar da za a fitar waje ta dace da ƙa'idar Ingila, ta wadda za a ci a gida kuma ta ninka ta sau biyu da rabi, saboda masu lambu sun ce ba za su iya cika mai tsaurin ba. Ba a soke rajistar wannan magani gaba ɗaya ba sai a 1988, kuma har yau ana samun dalma da asanik a ƙasar tsofaffin lambuna. Tun ranar da aka haife ta, iyakar nan sulhu ce tsakanin abin da likita yake so da abin da mai lambu da ɗan kasuwa za su iya jurewa, kuma ba laifi ba ne a yi sulhu, laifin shi ne a sayar wa uwa da shi da sunan hukuncin kimiyya.

Akwai kuma abin da lambar ba ta gani ko da gwajin ɓerayen ya yi daidai. Ana tsayar da iyaka ga kowane magani shi kaɗai, alhali mai lambu yana fesa iri-iri a kaka guda, wani na tsutsa, wani na ƙwarin ganye, wani na ruɓa. Ɗan itace guda zai iya ɗauke da ragowar magani biyar ko shida, kowanne ƙasa da iyakarsa, sai a rubuta shi cikin masu tsabta. Amurka ta tilasta haɗa lissafin magungunan da ke aiki ta hanya ɗaya a dokarta ta 1996, wadda kuma ta ƙara ninki goma na kariya saboda yara, bayan rahoton Majalisar Bincike ta Ƙasa na 1993 ya nuna cewa yara suna cin 'ya'yan itace fiye da manya idan aka kwatanta da nauyin jikinsu. Dokar Turai ta 2005 ta yi alkawarin irin wannan lissafi, amma sai a 2020 aka fitar da sakamakon gwaji na farko, shi ma a kan jijiyoyi da ƙwayar thyroid da ke maƙoshi kawai. Saboda haka idan Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta ce fiye da kashi 99 cikin 100 na samfuranta suna ƙasa da iyaka, ko Turai ta ce kimanin kashi 96, na yarda da lambobin, kuma labari ne mai daɗi game da ɗa'ar masu lambu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a juya su a mai da su shaidar likita.

Masu fitar da jerin 'ya'yan itacen da aka fi samun ragowar magani a jikinsu a kowace shekara ba su fi masu fakewa da iyakar ba, domin ƙidayar sau nawa aka ga magani ba ta gaya wa kowa yawan gubarsa, kuma ribar da ake ci daga tsoratarwarsu ita ce iyaye su rage ba yara 'ya'yan itace, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman babba ya ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da kayan lambu kullum. Masu cewa a wanke kawai su ma sun sauƙaƙa abin da yawa. Gwajin da aka yi a Jami'ar Massachusetts a 2017 ya nuna jiƙa tuffa a ruwan da aka zuba wa bekin soda na minti 12 zuwa 15 yana cire abin da ke bayan ɓawo, amma abin da ya riga ya ratsa ciki yana nan, kuma akwai magungunan da aka ƙera su musamman domin itace ya shanye su ta jijiyoyinsa. Ban da haka, alƙaluman Amurka da ake alfahari da su an samo su ne bayan an ɗauraye 'ya'yan da ruwa a ɗakin gwaji.

Gyaran da nake nema ba mai yawa ba ne. Ainihin alƙaluman gwajin kamfanoni su zama a buɗe ga kowane masani tun ranar neman izini, domin da haka ake yi da ba a jira shekara 20 kafin a ga abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ɓerayen nan ba. Duk maganin da ke kashe ƙwaro ta hanyar jijiyoyinsa a gwada tasirinsa kan ƙwaƙwalwar da ke girma kafin ya taɓa itacen da yara ke cin 'ya'yansa. Rahoton shekara kuma ya daina tsayawa a kan kashi nawa ne ya haura iyaka, ya faɗi abin da yaro ɗan shekara uku yake haɗiya a rana idan aka tara magungunan wuri guda. A watan Mayu na 2025 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Stockholm, wadda ta shafi sinadarai masu guba da ke daɗewa a muhalli, suka saka kulofirifos a jerin sinadaran da za a kawar daga duniya, tare da wasu keɓance-keɓance na wucin gadi. Amurka ba ta taɓa tabbatar da wannan yarjejeniya ba, don haka matakin bai ɗaure ta ba, kuma daftarinta na 2024 ya bar wa masu lambun tuffa da lemu ƙofa a buɗe.