Kafin a zargi maganin feshi, a auna injin da ya fesa shi

Idan maganin ƙwari ya ƙi ci, ko ya ƙona ganye, ko aka tarar da ragowarsa a jikin amfanin gona fiye da ƙa'ida, maganin ake fara zagi. Daga nan sai kamfanin da ya haɗa shi, sai ɗan kasuwar da ya sayar. Da wuya ka ji an ce a duba injin da ya fesa shi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan, domin abin da aka rubuta a jikin kwalba, lita kaza a hekta guda, ba ya tabbata sai injin ya zubar da abin da ake zaton yana zubarwa.

Ɗauki injin feshi na tarakta mai fiffike mita 24. Bakunan feshi 48 ne jere a jikinsa, rabin mita tsakanin kowanne da ɗan'uwansa. Baki mai launin shuɗi an ƙera shi ne ya fitar da lita 1.2 a minti ɗaya idan matsin ruwa ya kai bar 3 (bar shi ne ma'aunin matsi). Tarakta na tafiyar kilomita 7.2 a awa, gona za ta sha lita 200 a hekta. To bari bakin ya cinye, ramin ya buɗe, ya koma fitar da lita 1.4. Ido ba zai gane ba, feshin yana nan tsaf kamar jiya. Amma gonar ta koma shan lita 233. Manomi ya biya kuɗin maganin da bai buƙata, rarar kuma ta tafi cikin ƙasa da ruwa da jikin abin da za a ci.

Wannan ne ya sa nake goyon bayan dokar gwajin injinan feshi ba tare da wata-wata ba. Jamus ta wajabta shi ga injinan feshin gonaki tun 1993, Beljiyam ta bi a 1995, Faransa a 2009. A shekarar 2009 ɗin ce Tarayyar Turai ta kafa doka mai lamba 2009/128, wadda ta ce kafin ƙarshen 2016 dole kowane injin feshi da ake sana'a da shi ya sha gwaji aƙalla sau ɗaya. Tazarar gwaji ba za ta wuce shekara biyar ba har zuwa 2020, daga nan kuma shekara uku.

Daga wannan jimla ta ƙarshe kasuwar kayan awo ta samu ƙafa. Ƙasar da ta sauka daga shekara biyar zuwa uku, kamar Faransa, aikin masu gwajinta na kowace shekara ya ƙaru da kusan kashi biyu cikin uku, ko da ba a ƙara injin ko ɗaya ba. Kowane mai gwaji kuwa sai da kayan aiki. Buƙatar ba ta tsaya a Turai ba, domin mai noman kayan lambu a Kenya ko Maroko ko Peru da ke son shaidar GlobalG.A.P., wato takardar shaidar bin ƙa'idojin noma mai inganci, don ya sayar wa manyan kantunan Turai, sai ya nuna cewa ana duba injinsa ana saita shi duk shekara.

Yana da kyau mutum ya san abin da ake yi a wurin gwajin. Ana cika tanki da ruwa zalla, a buɗe fiffike, a shimfiɗa wani faranti mai kwararo-kwararo a ƙarƙashinsa, faɗin kowane kwararo santimita 10, kowanne yana tsiyaya cikin kwalbarsa. Bayan ɗan lokaci sai ka dubi jerin kwalaben. Injin ƙwarai, ruwan zai tsaya kusan kai ɗaya. Mai matsala kuwa, wannan kwalba ta cika, ta kusa da ita rabi, kamar haƙoran zarto. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na gwajin injinan feshi, ISO 16122, bai yarda bambancin rabon ya wuce kashi 10 cikin ɗari ba. Sannan a cire agogon matsi a gwada shi da wani amintacce, a kashe feshi a tsaya a ga ko bakunan suna ɗiga bayan daƙiƙa biyar. Wanda ya ci gwaji a manna masa sitika. Gani ya kori ji: manomin da ya ga kwalaben nan da idonsa ba ya buƙatar wa'azi kafin ya canza bakunan feshinsa.

Damuwata tana wurin ƙasashen da yanzu suke shirin shiga sahu. Abu mafi sauƙi ga hukuma shi ne ta yi odar na'urori masu tsada, a ɗauki hoto, a ce an fara. Amma na'urar awo ita ma tana kaucewa, kuma sai an riƙa gwada ta da wadda ta fi ta inganci lokaci-lokaci. Agogon mai gwaji idan ya yi ƙarya, duk injin da ya bi ta hannunsa zai fita da ƙaryar, da hatimin hukuma a kai. Wannan ya fi rashin gwajin muni, domin manomi ya saki jiki. Jamusawa sun shafe shekaru fiye da ashirin ana gwajin ganin dama kafin su mayar da shi dole, a lokacin an sami makanikai da suka iya aikin. Wannan ba ya zuwa a cikin kwantena.

Akwai kuma injin da dokar Turai ta yi wa sassauci, wato famfon goyo. Ta bai wa ƙasashe damar cire shi daga gwajin dole, muddin an koya wa masu aiki da shi yadda za su duba shi da kansu. A Turai wannan na da hujja, tunda tarakta ce ke yin yawancin aikin. A Asiya da Afirka da Latin Amurka kuwa ƙaramin manomi da famfon goyo ya dogara, kuma shi ne injin da idan murfinsa ya yi yoyo, a gadon bayan mutum yake zuba. Ƙasar da ta kwafi dokar Turai baƙi da baƙi za ta gwada taraktocin manyan gonaki 'yan kaɗan, ta bar mafi yawan masu feshinta yadda ta same su.

Za a ce gwada miliyoyin famfuna ɗaya bayan ɗaya ba zai yiwu ba, kuma kuɗin gwajin zai faɗo ne a kan talaka. Gaskiya ne. Shi ya sa a ganina a fara daga bakin iyaka: kada a bari famfon da bai cika ma'aunin ƙasa da ƙasa na famfon goyo, ISO 19932, ba ya shigo kasuwa. Sauran aikin ba ya buƙatar faranti mai kwamfuta. Malamin gona ya riƙe kofin awo da agogo da tef, ya sa manomi ya fesa ruwa cikin kofin na minti ɗaya, ya auna fili mita 10 sau 10, ya ga lita nawa ya ci da irin tafiyar mutumin, ya ninka sau ɗari ya sami na hekta. Sannan a tabbatar da cewa duk shagon da ke sayar da maganin yana da sababbin bakunan feshi da robobin toshe yoyo a kan kantar shagon, kusa da kwalaben.