Marwa ba zangon kwana ɗaya ba ce

Makon jiya na yi baƙo daga Kano, ɗan ƙanen mahaifina, wanda ubansa ya koma can tun yana saurayi, shi kuwa bai taɓa taka ƙasar Kamaru ba sai wannan karo. Bayan ya huta gajiya, sai ya ce mini, "Yaya, ina so ka zagaya da ni in ga gari." Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji abin da yake fitowa shi ne Waza da Rumsiki da dutsen Mindif, wato wuraren da duk suke bayan gari, wasunsu ma tafiyar awoyi a mota. Ya yi dariya, ya ce shi Marwa ya zo gani, garin da kakanmu ya yada zango a cikinsa kan hanyarsa ta zuwa Makka da ƙafa, har ya yi aure ya fasa wucewa. Na ji kunya ƙwarai, domin a garin nan aka yanke mini cibiya, a cikinsa na yi furfura, amma ban taɓa ɗaukarsa wurin da ya cancanci a nuna wa baƙo ba.

Da na zauna na yi nazari, sai na gane cewa wannan tunani gadonsa muka yi daga irin yawon buɗe idon da muka taso muka tarar. Duk wanda ya yi wayo kafin 2013 yana iya tuna yadda abin yake. Idan sanyi ya shigo, jirgi ya sauke Nasara a filin Salak, a kai su masauki su kwana ɗaya, da safe a bi da su cibiyar masu sana'ar hannu da ke bakin babbar kasuwa su sayi jaka da takalmi da tabarmar fata, daga nan sai a ɗauki hanyar Waza kallon giwaye da raƙuman dawa, ko a haura Mokolo zuwa Rumsiki domin ganin duwatsu da tsohon nan mai duba da ƙaguwa. Marwa wurin shan ruwan sanyi ce da canjin kuɗi. 'Yan rakiya sun ƙware a Faransanci, wasu har da Jamusanci, amma abin da suke faɗa shi ne abin da baƙo yake son ji, mu kuwa 'yan gari muka saba da cewa yawon buɗe ido harka ce ta mai jan kunne da kyamara a wuya.

Sai aka wayi gari a watan Fabrairun 2013 an sace wani iyali na Faransawa su bakwai, har da yara huɗu, a wajen Dabanga, bayan sun fito daga Waza. An sako su bayan wata biyu, amma ƙasashen Turai sun riga sun shafa wa yankinmu jan launi a taswirarsu. A Yulin 2015 kuma bama-bamai suka tashi a cikin garin nan, a bakin kasuwa da unguwar Barmare, bayan kwana uku aka sake wani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga lokacin ƙafar baƙi ta ɗauke. Ina da kawu baduku wanda ya aurar da 'ya'yansa mata uku da kuɗin jakunkunan da Nasara suke saye, na ga ranar da ya zauna tun hantsi har la'asar bai yi ciniki ba, yana kaɗe ƙura daga kan kayan da rana ta fara cinye launinsu. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Ra'ayina shi ne mu daina zaman jiran ranar da za su dawo. Idan sun dawo muna maraba, amma yawon da ya kamata mu tsara yanzu na ƙafa ne, a cikin gari, da Fulatanci da Hausa da Faransanci, kuma domin mutanen da suke nan tare da mu: ɗaliban jami'ar Marwa, wadda aka kafa a 2008 kuma take tara matasa daga kowane sashe na ƙasa, ma'aikatan da aka turo daga kudu waɗanda suke shekara biyar ba su san komai ba sai hanyar ofis da gida, 'yan'uwa masu zuwa biki daga Mubi da Yola da Injamena, sannan uwa-uba 'ya'yanmu na cikinmu.

Washegari na fita da baƙona bayan sallar asuba, kafin rana ta buɗe ido. Muka bi ƙarƙashin itatuwan darbejiya da suka yi wa titunan garin rumfa, muka sauka cikin Mayo Kaliyawo, wanda a wannan lokaci na shekara ba komai a cikinsa sai rairayi, yara suna buga ƙwallo, masu wanki sun tona ramuka suna ɗibar ruwan da ya ɓuya a ƙasa. Ya ƙi yarda da na ce masa a watan Agusta wannan fili yakan cika ya batse har ya ci gada. Daga nan muka nufi fada. A ƙofar fada ne na ga iyakar sanina, domin ya tambaye ni ma'anar sunan garin, na yi ta kame-kame, sai wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya ji mu, ya ce, "Ɗana, matso kusa." Shi ya tuna mini cewa kafin Fulani akwai Giziga a wurin nan, kuma daga Marva, yadda suke kiran wurin, sunan ya samo asali, sannan ya kawo labarin Modibbo Damraka da kafuwar sarautar Fulani a zamanin jihadi, ƙarƙashin tutar Modibbo Adama na Yola.

Abin da ya fi kama baƙon nawa shi ne yaƙin Janairun 1902. A makaranta a Kano an koya masa cewa Ingilishi sun ci Yola a 1901 kuma Lamido Zubairu ya gudu, amma ba a gaya masa inda ya nufa ba. Nan ya zo, ya haɗa kai da Lamidon Marwa, suka tari rundunar Jamus ƙarƙashin Hans Dominik a Ibba Sange, dawakai da masu da takubba a gaban bindiga mai aman harsashi, aka yi musu mummunar ɓarna. Dattijon ya kuma ambaci Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya zauna a Balda, ba nisa da nan, kafin ya haɗu da Rabe. Na ga ɗan'uwana ya yi shiru, daga baya ya ce ashe rabin tarihin da aka karanta masa a wannan gefen iyaka yake kwance. Dattijon bai nemi komai ba, da ƙyar ma ya karɓi goron da na miƙa masa, ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarunsa sun haura tamanin, kuma ba na jin akwai wanda ya taɓa ɗaukar muryarsa ko da a waya.

Wurin da muka fi daɗewa shi ne majema, can hanyar Mindif, kuma a nan ne muka karya dokar tafiyar ƙafa muka hau babur. Wari ne yake fara yi wa mutum maraba tun kafin ya ga kowa. Baƙona ya toshe hanci, wani majemi da hannuwansa suka rine har gwiwa ya dube shi ya ce, "Malam, sauke hannunka, wannan warin shi ya kai mahaifina Makka." Ya ɗauke mu rami bayan rami yana nuna mana aikin: inda ake jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, inda ake ɗora ta a kan gungume a kankare ta da wuƙa mai mariƙi biyu, inda ake tsoma ta cikin kashin tsuntsaye domin ta yi laushi, sannan ramin bagaruwa, wanda shi ne zuciyar jima, inda fata take kwana tana shan ruwan dakakkun 'ya'yan itacen har ta zama abin da ba ya ruɓewa. Ya murza wata fatar akuya da aka gama ya ba ni in taɓa, ta yi laushi kamar ƙyalle. Barebari da Hausawa ne suka kawo wannan sana'a garin nan tun ƙarni na 19, kuma har yau sunan wurin da kalmar Hausa ake kiransa, amma yaranmu da yawa suna wucewa ta gefensa suna tsaki.

Garinmu ba shi da ganuwa irin ta Kano, ba shi da gine-ginen da za a tsaya a gabansu ana ɗaga kai, yawancin tsofaffin soraye ma siminti ya cinye su. Tarihin Marwa yana hannun majema da dukawa da maƙera da masaƙa da masu kilishi, yana bakin dattawan da ke zaune a zauruka. Saboda haka yawon da zai yi ma'ana a nan shi ne wanda mai sana'a zai yi bayani da bakinsa, ɗan rakiya ya tsaya a matsayin tafinta, kuma a biya mai sana'ar haƙƙinsa a fili. Majemin nan ya gaya mana cewa a shekarun da baƙi suke tururuwa, sau da yawa ɗan rakiya ne yake karɓar kuɗin shiga ya zuba a aljihu, su kuwa a ɗauke su hoto tsirara rabi cikin rami, a tafi ba ko sannu. Na taɓa jin wani ɗan rakiya da kunnena yana gaya wa baƙinsa cewa jan launin fata da jini ake yinsa, alhali kowane yaro a gidan dukawa ya san karan dafi ne. Mutanen da aka yi wa haka suna da hujja idan suka ɗaure fuska ga duk wanda ya shigo da waya a hannu, domin ba dabbobin Waza ba ne. Dole a nemi izini kafin hoto, kuma inda aka ce iyakar baƙo zaure, to zaure ne.

Akwai wata matsala da ta fi wannan nauyi, wadda na san wasu ba za su ji daɗin ambatonta ba. Tarihin garin nan ba baki ɗaya yake da shi ba. Abin da bafade zai kira buɗe ƙasa, Bagizige zai kira shi kora daga gonar kakanni, kuma akwai hare-haren kamun bayi a kan mutanen dutse, waɗanda jikokinsu ne maƙwabtanmu da abokan aikinmu a yau. Idan aka tsara yawo wanda ya fara daga fada ya ƙare a fada, an ba da rabin labari, kuma ɗalibin da ya fito daga Meri ko Mokolo zai gane an tsallake shi. Gara a tsaya a gindin dutsen Marwa a bar dattijon Giziga ya faɗi nasa, ba domin tonon tsohon miki ba, sai domin yaran da ke sauraro sun riga sun ji ɓangare ɗaya a gida, kuma jin ɗayan a gaban juna cikin ladabi ya fi jinsa a bakin ɗan siyasa lokacin zaɓe. Mu Hausawa ma muna da namu kason, mai daɗi da mara daɗi, domin fataken da suka kawo goro da tufafi da jima ba su kaɗai ne hajarsu ba.

Masu cewa tsaro bai ba da dama ba, ban raina maganarsu ba. Gungun mutane suna yawo suna tambaye-tambaye a unguwa abin zargi ne tun 2015, don haka sai an bi ta hannun lawan da jauro, wato masu sarautar unguwanni, jami'an tsaro kuma su san da zaman abin. Zafi ma gaskiya ne, ba mai hankalin da zai fitar da yara yawo a watan Afrilu, lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, da sassafe. Bayan waɗannan, ban ga wani jari da ake buƙata ba wanda ya wuce takalmi da gorar ruwa.

A Yulin 2025 hukumar UNESCO ta sanya tsofaffin gine-ginen dutse na Diy-Gid-Biy, da ke duwatsun Mandara, cikin jerin kayan tarihin duniya, kuma na yi murna kamar kowa. Tsorona kawai shi ne kada mu koma gidan jiya, a sauka a Salak, a kwana ɗaya a Marwa, a wuce dutse, mu kuma mu ci gaba da jiran wani ya zo daga nesa ya gaya mana darajar abin da ke ƙofar gidanmu.

Bayan baƙona ya koma, na je wurin kawu na ce ina so ranar Asabar in kawo masa yaran layinmu, su goma sha biyu, ya nuna musu yadda ake yanka fata da yadda ake ɗinka laya da kube, kowane uba kuma ya yarda zai ba da sefa ɗari biyar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kuɗin ka kai wa majema rabi, domin daga can ya kamata su fara. Kuma ka gaya wa iyayensu kada su sa musu fararen kaya."