Wa zai karɓe bindigar bayan an kori azzalumi?

Tun da sojoji suka karɓe mulki a Mali da Burkina Faso da Nijar, muhawara ɗaya ke ta dawowa a majalisun ataya na Nima da Maamobi a Accra: idan shugaba ya maƙale a kujera, ya toshe bakin jama'a, ya cika kurkuku da 'yan adawa, me ya rage in ba a sa masa bindiga ba? Samari da yawa cewa suke yi babu. Na san zafin da ke sa su faɗin haka, amma ban yarda da su ba, kuma hujjata ta farko a nan gida Ghana take.

Ba na cikin masu wanke Nkrumah, shugabanmu na farko, tas. Dokar tsare mutum ba tare da shari'a ba ta 1958 ta ci mutane, a 1964 ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya, J.B. Danquah, jigon 'yan adawa, kuma a kurkukun Nsawam ya rasu a 1965. Shi ya sa ranar 24 ga Fabrairun 1966, da hafsoshin soja Kotoka da Afrifa suka kifar da shi yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, aka yi ta murna a titunan Accra. To, ƙofar da aka buɗe ran nan sai da ta yi shekara 26 ba ta rufu ba. Acheampong ya shigo ta nan a 1972, Akuffo a 1978, Rawlings a 1979 da kuma 1981. A 1979 aka harbe tsofaffin shugabannin ƙasa uku, har da shi Afrifa ɗin. Aka rushe kasuwar Makola, aka riƙa zane mata 'yan kasuwa da bulala a bainar jama'a da sunan yaƙi da kalabule, wato ɓoye kaya da tsawwala farashi. Waɗannan matan ba su taɓa mulkar kowa ba.

Mu mutanen zango muna da namu tabon. Gwamnatin Busia, wadda sojojin 1966 suka miƙa wa mulki bayan sun haramta jam'iyyar CPP ta Nkrumah, ita ce a Nuwamban 1969 ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifa a nan suka karyar da kayansu, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Duk dattijon da ke Sabon Zango ko Aboabo zai lissafa maka gidajen da suka watse.

Ƙarfin da ke zuwa daga waje ya fi wannan muni. A 2011 jiragen NATO suka taimaka aka kawar da Gaddafi, dubban 'yan Ghana da ke neman abinci a Libiya suka dawo hannu rabbana, makaman rumbunansa suka malalo kudu, arewacin Mali ya faɗi a 2012. Wutar nan ce yau take ci a Burkina Faso, dab da Bawku da Paga. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Masu ra'ayin bindiga suna da misali ɗaya mai ƙarfi, wato Gambiya. Yahya Jammeh ba baƙo ba ne a wurinmu, a zamaninsa ne aka kashe 'yan Ghana fiye da 40 a 2005. Da sojojin ECOWAS, har da namu, suka tunkare shi a Janairun 2017, sai ya tattara ya tafi Equatorial Guinea. Wannan na goyi bayansa. Amma a duba da kyau: mutanen Gambiya ne suka fara kayar da shi a akwatin zaɓe a Disamban 2016, Adama Barrow yana nan da halascinsa yana jira, sojojin da suka shiga kuma ba kujerar suke nema ba. Inda duk aka rasa waɗannan sharuɗɗa, mai bindigar shi ne ke zama sabon sarki, kuma babu mai tambayarsa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne ba a tashi sai ta ɓaci. A Agustan 2023 hafsoshin ECOWAS suka taru a Burma Camp, hedkwatar sojojinmu a Accra, suna shirin afka wa Nijar, ba a yi yaƙin ba, amma rufe iyaka kaɗai ya sa albasar 'yan kasuwarmu ta ruɓe a kan hanya. Ina wannan zafin naman yake a 2020, lokacin da Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gini don ya yi wa'adi na uku? Shiru aka yi har Kanar Doumbouya ya ɗauko bindiga a 2021. Ga Togo nan bayan Aflao, gida ɗaya ke mulki tun 1967, a 2024 ma suka sake gyara tsarin mulki yadda Faure, ɗan gidan, zai ci gaba da riƙe ragama. A nan nake son in ji muryar gwamnatin Ghana da ta ECOWAS, da babbar murya, tun babu wanda ya ɗana kunamar bindiga.