Iskar da ta fasa wa Hajiya ƙwai

Son banza ne ya ja min tun farko. Tayoyin baya na akurkurata, mashin ɗina mai ƙafa uku na dakon kaya, sun suɗe tas, sun yi sanƙo, na tafi tsohuwar Panteka da niyyar sayen sababbi. Da aka faɗa min kuɗinsu sai da na nemi benci na zauna. Ina cikin sallallami wani yaro ya yafito ni daga shagon gaba, ya ce, "Oga, wilinka ba inci 12 ba ne? Ga Balijiyam ta ƙaramar mota, 145/70 R12, zama za ta yi daram. Tayar da ta ɗauki mota, ai mashin ɗinka abin wasa ne a wurinta." Maganar ta shige ni. Na biya rabin kuɗin sababbi, na tafi ina ganin duk Kaduna ba mai wayona.

Yaron mai faci ya ɗaura su, ya jawo tiyon iska, ya ce, "Nawa za a sa?" Ni kuwa da na yi sakandare ba zan bari a raina ni ba. Na tsuguna na karanta jikin tayar, na ga 44 PSI, a gabansa an rubuta MAX. Na ɗauka sunan Baturen da ya ƙera ta ne. Na miƙe na kaɗe riga, na ce, "Su sun ce 44, amma ba su san hanyar Rigasa ba. Sa 50." Ya sa, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ta yi ƙara kamar kalangu. Na ce yawwa.

Washegari wata Hajiya mai sarin ƙwai a Tudun Wada ta aike ni wata gonar kaji gaba da Mando, in ɗauko mata kiret 60. Tun a tafiya, ba kaya, mashin ke tsalle kamar ɗan akuyan da ya ƙoshi, haƙorana na haɗuwa. Na ce a raina, ƙarfin tayar Turai ke nan.

Dawowa kuwa sai da rana ta take, ga watan Maris, kwalta kamar kaskon suya. Na biyo baifas ina rera waƙa. Daidai Kurmin Mashi na faɗa wani ɗan rami wanda a da ko a jikina ba na jin sa. Bayan akurkura ya tashi sama, ya dawo, ya sake tashi. Na ji wani sauti a bayana, ƙas-ƙas-ƙas, irin wanda mai shayi kaɗai ke jin daɗinsa. Ban waiwaya ba, don zuciyata ta riga ta gaya min. Wani mai Keke Napep ne ya jero da ni, ya leƙo ya ce, "Malam, bodinka na yoyon kwaiduwa!" Fasinjojinsa har da tafawa.

Hajiya ta ƙirga a nitse, kiret 7 sun tafi. Da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Kallona kawai ta yi ta ce, "Sannu da sauka, direban jirgin sama." Ta cire kuɗinta daga ladan wata guda, ta ce in kwashe masu tsagun in kai gida, ai na saya.

Haushi ya sa da daddare na samo tsinken ashana na danna bawul, na yi ta sakin iska har zuciyata ta huce. Da safe na ɗauki buhunan masara daga Bakin Dogo. Tayoyin suka baje kamar kwaɗo, mashin na rangaji a kwana, ya ƙi gudu, mai na ƙonewa. Da na taɓa tayar sai da na yarfe hannu.

A haka na lallaɓa wurin wani dattijo mai faci a Unguwar Sanusi. Ya saurari labarina har ƙarshe, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ɗana, MAX ɗin nan iyaka ce, katangar da ba a tsallakewa, kai kuma ka haura ta har da guzuri." Ya nuna min wata lamba, 69, ya ce ma'anarta kowace taya ɗaya na iya ɗaukar kilo 325. Ƙwan Hajiya gaba ɗaya bai kai buhu biyu na masara ba. Taya ta cika tam, ba nauyin da zai danne ta, tsakiyarta kawai ke taɓa ƙasa, duk dukan da rami ya yi sai ya zarce kan kaya. Ga zafin kwalta na ƙara kumbura iskar, shi ya sa ake awo da sassafe, taya na sanyi.

Sai ya ciro alli daga aljihu, ya ja layi ya ratsa faɗin tayar, ya ce in gangara in dawo. In tsakiya ce kawai ta goge, iska ta yi yawa, in gefe da gefe ne, ta yi kaɗan. Sau huɗu ina zagayawa kamar mai koyon tuƙi, yara na bi na, kafin allin ya goge bai ɗaya. Gejinsa ya nuna 28 ba kaya, ya ce in zan ɗauki masara in kai 36. Na miƙa masa kuɗi, ya ce, "Bar shi, ai na sha dariya."

Kwana biyar ana cin ƙwai a gidana, safe, rana da dare, har maƙwabta suka fara zargin na samu kwangila. Ranar da muka koma koko da ƙosai, autata ta ture kofinta, ta ce, "Baba, yaushe za ka sake ƙara iska?"